Koyon nutso a tsakiyar tafiyar babur: amsa ga mai shirin barin Kaduna zuwa Malawi

Tambayar daga wani matashi ce mazaunin Kawo, nan Kaduna. Ya ce bayan Babbar Sallah zai ɗaure kayansa a babur ya bi ta Kamaru, Gabon, Kongo, Angola da Zambiya, ya shiga Malawi, ya ƙare a Tanzaniya da Kenya. Ya ji ana koyar da nutso da tukunyar iska a Tafkin Malawi da Zanzibar, kuma an ce kwana uku ko huɗu ake yi a sami takarda. Ga yadda ya rufe saƙonsa: "Yaya, na iya ruwa tun ina yaro, a Kogin Kaduna muka tashi. Zan iya tsayawa kwana uku in karɓi takardar in wuce? Me zan saya, kuma ina hatsarin yake?"

Ƙanena, Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Za ka iya koyo, har ma ina kwaɗaita maka. Amma maganar kwana uku ka wuce, cire ta daga ranka, ka ware mako guda cur. Ni ma ɗan garin nan ne, a Tudun Wada aka yanke mini cibi, na kuma daɗe ina koyar da wannan aiki a Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Gabas. Masu babur da yawa sun bi ta hannuna. A cikin ruwa ba sa ba ni wahala, don sun saba duba kayansu kafin su tashi, sun kuma san amfanin natsuwa. Inda nake jin tsoronsu shi ne ranar da suka fito, suka ga babur a jingine, ƙafarsu ta fara ƙaiƙayi. Zan zo kan wannan, don nan ne kan maganar. Bari mu fara da abin da za ka gama tun kana gida.

Na farko jini. In ba ka san ko kai AA ne ko AS ba, je ka gwada, tunda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai sikila, wato SS, ba ya nutso da tukunya, babu ja-in-ja a nan. Mai AS kuwa yana bukatar likitan da ya san harkar nutso ya duba shi, ya kuma fi kowa kiyaye ƙishirwa da sanyi. Kowace makaranta ta ƙwarai za ta miƙo maka takardar tambayoyin lafiya: asma, farfaɗiya, hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, tiyatar kunne, ko huhunka ya taɓa sacewa. Amsa gaskiya. Mu da muka fito daga inda tarin tibi yake da yawa, in ka taɓa yin sa ko da an warke tuntuni, a ɗauki hoton ƙirjinka, domin tabon da ya bari yana iya riƙe iska a huhu lokacin hawowa sama. Haka nan in ka faɗi da babur a hanya ƙirjinka ya bugu, ko haƙarƙari ya yi targaɗe, kada ka shiga ruwa sai likita ya saurari huhun. Samo takardar likitan da Turanci tun a Kaduna. Neman likita a ƙauyen bakin tafki yana iya cinye maka kwana biyu.

Na biyu kunne. Ka daina sosa shi da tsinken ashana ko gashin kaza ko auduga tun yanzu, ɗaurin datti kawai kake yi ciki. A wanke maka shi a asibiti kafin tafiya. Ƙurar hanya da sanyin asuba a kan babur suna kawo mura, mai mura kuwa ba ya nutso, saboda hanyar da ta haɗa hanci da kunne takan toshe. Wasu kan sha maganin mura su shiga. Maganin yakan sake su suna can ƙasa, sai iskar da ta shiga kunne ta ƙi fita yayin hawowa, zafin kuwa ba a magana. Har dodon kunne yana fashewa. Abin toshe kunne da kake sawa cikin hular kwano saboda ƙarar iska, ajiye shi a kan babur, ba a shiga ruwa da shi.

Na uku iyon da kake taƙama da shi. Na san iyon kogi, ni ma shi na fara: kai a sama, hannu da ƙarfi, a tsallaka a kama ciyawar wancan gefe a huta. Gwajin makaranta daban ne. Za ka yi mita 200 ba tsayawa, ba a ƙayyade lokaci ba, kowane salo ka ga dama. Sannan ka zauna a saman ruwa mai zurfi minti 10 ba ka riƙe komai ba. Wannan na biyun shi yake kayar da samarinmu, musamman marasa kitse masu damtse, domin tsoka nutsewa take yi, kuma ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaga mutum ba. Nemi kwamin wanka na otal ko na wurin wasanni a cikin gari, ka yi ta kwanciya rigingine kana numfashi a hankali har minti goman nan su zama wasa. In kwamin mita 25 ne, tsallakawa takwas ke nan. Iya ruwa fidda kai, in ji mutanen da, amma a nan fidda kan da kwanciyar hankali ake yi.

Karatun kwas ɗin kuma, manyan ƙungiyoyin da ke ba da takarda irin su PADI da SSI suna da shi a intanet. Akwai shi da Turanci da Larabci da Faransanci. Gama shi a gida da dare, ya fi ka zauna kana karatu a bakin tafki ga gajiyar wata biyu a jikinka.

Yanzu ga abin da ruwa ke yi wa jiki, da harshen da ka sani. Duk mita 10 da ka sauka a teku, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da bar ɗaya (bar ma'aunin matsin iska ne). A mita 20, ƙarin da ruwan ya ɗora maka ya kai kwatankwacin iskar da mai faci ke buga wa tayar gabanka. Ba ka jin ya murƙushe ka saboda na'urar da ke bakinka, regileta, tana ba ka iska daidai da matsin wurin da kake. Amma iskar nan a matse take. In ka cika huhu a mita 10 ka riƙe numfashi ka taso, kafin ka iso sama ta ninka girmanta biyu. Ka san abin da ke samun tib in an wuce da shi. Tashin mita ɗaya zuwa biyu ma da cikakken huhu a rufe ya isa ya yi ɓarna. Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, kuma yaran kogi ne suka fi karya ta, don jikinsu ya saba da zarar kai ya shiga ruwa a kulle maƙogwaro. Wannan ɗabi'ar sai ka kwance ta da gangan a kwanakin farko.

Abin da ke cikin tukunyar iska ce ta yau da kullum da aka tace aka matse zuwa bar 200, ba oksijin zalla ba kamar yadda mutane ke zato. Kashi 21 cikin ɗari ne oksijin, kashi 78 naitirojin. Naitirojin ɗin nan jiki ba ya amfani da shi, amma a ƙarƙashin matsi yana narkewa ya shiga jini da tsoka da kitse. Zurfi da daɗewa su ke ƙara shi. A teburin PADI mai nuna iyakar lokacin zama a ƙarƙashin ruwa, mita 18 iyakarsa minti 56, mita 30 kuwa minti 20 kacal. In ka taso sannu, ka tsaya minti 3 a mita 5, jiki zai riƙa fitar da shi ta numfashi. In matsin ya ragu da sauri, sai ya zama kumfa a cikin jini da gaɓoɓi, har laka da ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne ciwon kumfa da masu nutso ke tsoro.

To fitowarka daga ruwa ba ta gama fitar da shi ba. Awanni da yawa bayan ka shanya kaya ka ci abinci, sauransa na nan yana fita kaɗan-kaɗan. Duk abin da ya ƙara rage matsin iskar da ke kewaye da kai a wannan lokaci, kamar ka ci gaba da tasowa ne daga ƙarƙashin ruwa ba tare da tsayawa ba. Kowa ya san maganar jirgin sama: ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere. Mai babur yana jin haka sai ya ce bai shafe shi ba, shi ai a ƙasa yake tafiya. Ka tuna Hawan Kibo a hanyar Jos? Yadda kunnenka ke toshewa, babur ya fara nishi kamar an shaƙe shi? Iskar ce ta yi sauƙi. Abin da injinka ya ji, jininka ma ya ji.

Buɗe taswirarka ka duba tsayin wurare, ba nisansu kaɗai ba. Saman Tafkin Malawi bai kai mita 500 daga matakin teku ba. Garin Nkhata Bay, inda matafiya da yawa ke koyo, a bakin ruwan yake. Daga nan in za ka yi arewa zuwa Tanzaniya, hanya za ta hau da kai Mzuzu, kimanin kilomita 50, tsayinsa wajen mita 1,250, ya ɗan ɗara Jos. Cikin awa ɗaya ka kai. Bayan ka gangaro Karonga ka tsallaka iyakar Songwe, sai wani hawan zuwa Tukuyu da Mbeya, wadda ke wajen mita 1,700. A Kenya ma haka: Mombasa a bakin teku take, Nairobi tana kusa da mita 1,800, tsakaninsu tafiyar yini ɗaya ce ga mai babur. Gaɓar Afirka ta Gabas haka Allah ya yi ta, ruwa a ƙasa, tudu a bayansa kai tsaye.

Ni a jikina na koya. Shekarata ta farko a Dahab, a ƙasar Masar, na yi nutso biyu da safe, na uku da la'asar. Da dare wasu baƙi suka ce akwai gurbi a motarsu, za su je Dutsen Ɗuri Sina su ga fitowar rana. Wane Musulmi ne zai ƙi? Na san dokar jirgi sarai, amma ban taɓa haɗa ta da mota ba. Tafiyar kamar awa biyu ce, garin da ke gindin dutsen ya haura mita 1,500, ƙololuwar kuma mita 2,285. Tun kafin mu sauka daga mota kafaɗata ta dama ta fara wani ciwo can ciki, kamar ana murza ƙusa a cikin ƙashi. Na juya hannun, ciwon bai ƙaru ba bai ragu ba. Na ce ɗaukar tukunya ce. Muka fara hawa da tocila, sai yatsuna biyu suka mutu, ina taɓa maɓallin rigata ba na jin sa. Wani dattijo Bajamushe da ke cikinmu ya tambaye ni yaushe na fito daga ruwa. Da na faɗa masa, ya kama hannuna ya juya da ni ƙasa. Washegari ina kwance cikin ɗakin matsin iska da ake maganin ciwon kumfa a Sharm el-Sheikh, wani dogon bututun ƙarfe, takunkumin oksijin a fuskata, kusan awa biyar. Na warke, alhamdu lillahi, amma makonni na yi ban shiga ruwa ba, kuɗin kuma inshora ce ta cece ni.

Kai matsalarka ta fi tawa, ga dalili. Alamun ciwon kumfa su ne ciwon gaɓa, musamman kafaɗa da gwiwar hannu, mutuwar yatsu ko jin kamar kiyashi na bin fata, gajiya mai nauyi, jiri, ƙaiƙayi ko tabo a fata. Yanzu faɗa mini, wanne cikin waɗannan ne mai babur da ya yi wata biyu a hanya ba ya ji kullum? Girgizar kan babur tana kashe yatsu, jaka da ramuka suna cin kafaɗa. Abin da ya rage kuma ɗan Najeriya zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya shiga kemis ya haɗiyi magani ya ci gaba. Yawancin alamun suna bayyana cikin awanni shida na farko, kusan duka cikin awa 24. Saboda haka duk abin da ka ji a jikinka cikin yini guda bayan nutso, ɗauke shi a matsayin na ruwa har sai likita ya ce ba shi ba ne. A kwantar da kai, a sa maka oksijin zalla, ka sha ruwa in kana cikin hayyacinka, a kira lambar gaggawa. Kada wani ya ce ka koma cikin ruwa kumfar ta narke. Ka kuma yi tunanin jiri ya kama ka a kan lanƙwasar dutse, tirela na tahowa.

Dokata ga masu babur: bayan nutso na ƙarshe, awa 24 cikakku a bakin ruwa. Wanke sarƙa, canja baƙin mai, wanke kaya, kira gida. Ba hawan dutse da ƙafa, ba aikin ƙarfi, ba wanka da ruwa mai zafi sosai. Zuwa kuwa babu laifi, saukowa daga tudu zuwa ruwa ba ta cutarwa, sai dai ka huta yini ɗaya kafin ka fara, ka sha ruwa har fitsarinka ya yi fari. Mai babur a bushe yake isowa ko bai sani ba, iska ce ke shanye gumin, jini mai kauri kuwa ba ya saurin sakin naitirojin. Saboda haka ma ban yarda ɗalibi ya yi nutso da azumi a bakinsa ba. Hukuncin matafiyi ka tambayi malaminka, ni dai ta fuskar jiki na gaya maka.

Maganin rigakafin zazzaɓin sauro, in za ka sha, gaya wa likita za ka yi nutso. Mefloquine ba a so, don yana kawo jiri da ruɗewa masu kama da ciwon kumfa.

Kwas ɗin farko, wanda PADI ke kira Open Water, darasi biyar ne a ruwa mara zurfi da nutso huɗu a fili, a raba su aƙalla kwana biyu. Takardar tana ba ka damar mita 18 tare da abokin nutso, kuma ana karɓarta ko'ina a duniya. Kada a ruɗe ka da ɗanɗanon yini ɗaya da suke tallatawa, wancan yawon buɗe ido ne, babu takarda. Kafin ka biya, zaga makarantar kamar yadda za ka zaga babur na hannu a kasuwa. Ce a nuna maka tukunyar oksijin ta gaggawa, ka ga ko da ita ake shiga kwalekwale. Tambayi ina ɗakin matsin iska mafi kusa, awa nawa ne, wa zai kai ka. Shaƙi iskar tukunya: in ka ji warin mai ko hayaƙi, tafi abinka, injin cika tukunyar yana zuƙar hayaƙin janareta ne. Tambayi ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya. Ka'ida ta yarda har takwas, ni ban son su wuce huɗu. Makarantar da ba ta tambaye ka lafiyarka ba, kuɗinka kawai take so. Inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar nutso, wata ma ba ta ɗaukar babban babur, sai ka karanta ƙananan rubutun ko ka sayi ta masu nutso daban.

Tafki ko teku? Don koyo, na fi son tafkin. Babu igiya mai ja, babu gishiri a ido, ruwan da ɗumi, ga ƙananan kifaye ɗaruruwan iri masu launin shuɗi da rawaya da ba a samun su ko'ina sai nan. Akwai wadda ke renon 'ya'yanta a baki: kana matsowa sai ka ga ɗan gajimaren 'ya'yan ya ruga cikin bakin uwar, ta rufe, ta tsaya tana hararar ka. Aibin tafkin tsargiya, wadda ka sani tun daga kududdufan gida. Dodon koɗi ke ɗauke da ita a wuraren ciyawa marasa zurfi. Bayan wata biyu zuwa uku da fitowa ka je a gwada ka, in akwai a ba ka praziquantel. Da yake tafkin ya haura mita 300, lissafin nutsonsa na tudu ne, malaminka zai saita maka. In ka isa Zanzibar da takardarka, bar babur a Darussalam ka hau jirgin ruwa, ka kuma gaya musu a ruwan daɗi ka koya don su ƙara maka darma, teku ta fi ɗaga mutum. Kauce wa Afrilu da Mayu, lokacin manyan ruwan sama ne a gaɓar.

Saye kuma, kusan babu. Tukunya, rigar iska, rigar roba, darma, takalmin iyo, duk haya ake bayarwa, babur ɗinka ma ba shi da wurinsu. Gilashin fuska kaɗai nake so ya zama naka, don yawancin na haya an yi su ne wa masu siririn hanci. Ɗora shi a fuska ba tare da igiyar ba, ja iska kaɗan ta hanci, in ya manne bai faɗo ba naka ne. Gemu bai hana komai, gashin baki ne ke shigo da ruwa, sai ka rage shi daga ƙarƙashin hanci. Kafin shiga ruwa za a ce ka tofa yawu a cikin gilashin ka goga don kada ya yi hazo. Kada ka ji kunya, kowa haka yake yi, har Turawan. Sa shi cikin akwatinsa mai tauri, nesa da salansa da jarkar fetur. In kuɗi ya ragu, ƙara da agogon nutso mai lissafin naitirojin. Bayan ka fito yana ci gaba da ƙirga awannin da suka rage, da ɗan hoton jirgin sama a fuskarsa. Kai ka karanta hoton nan a matsayin hanyar Mzuzu.

Ga yadda zan tsara makon in ni ne: ka iso Asabar, Lahadi hutu da shan ruwa da zaga makaranta, Litinin zuwa Alhamis kwas, Juma'a ka yi sallah a garin ka gyara babur, Asabar da hantsi ka tashi. In mura ta kama ka a tsakiya, ko kunne ya ƙi buɗewa, kada ka matsa. Ce malamin ya rubuta maka takardar abin da ka kammala, tana aiki har wata 12, sai ka ƙarasa sauran a Zanzibar ko Diani da ke gaɓar Kenya.